Igiyar Kawu a cikin bokiti

Talata, da dare.

Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai yau, kuma ba wata babba ba ce. Kawu ne ya leƙo da safe, ya tarar da naɗin igiyar injin yankan ciyawa a nutse cikin bokiti. Ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Kai ɗan nan, roba kake jiƙawa? Jira kake ta tsiro?" Na ce, "Kawu, jiƙawar ce ke hana ta karyewa." Ya ce to madalla, shi ma yana da wani naɗi da ya shekara biyu a rataye jikin taga, bari ya kawo a tsoma masa. Na ce ya kawo. Wannan "kawo" ɗin ce ta hana ni sakat, domin rabin gaskiya na gaya masa.

Rabin da yake daidai shi ne wannan. Igiyar ba irin robar bokiti ba ce, nailan ce, ita kuwa nailan tana shan ruwa. Ko a fili aka ajiye ta tana zuƙar laimar iska. A ɗaki mai matsakaicin danshi, kamar kashi 50 cikin ɗari, nau'in nailan da ake kira nailan 6 kan riƙe ruwa kusan kashi 3 cikin ɗari na nauyinta, in kuwa ta daɗe a nutse har ta ƙoshi, yakan kai wajen kashi 9. Ruwan yana kutsawa tsakanin dogayen sarƙoƙin sinadarin da aka yi ta da su, ya sassauta riƙon da suka yi wa juna, sai su riƙa ɗan zamewa idan an tanƙwara ta. Laushin ke nan. In ta bushe ƙamas a wuri mai zafi, sarƙoƙin su riƙe juna gam, ta yi tauri, ta yi gautsi. To igiyar da kan inji ke wulwulawa sau dubbai a minti guda, tana dukan dutse da gindin katanga, in babu laushi a jikinta ɓallewa za ta yi ƙaras, galibi daidai bakin hudar da take fitowa, don nan ne take shan tanƙwara fiye da ko'ina. Ka kashe inji, ka buɗe kai, ka zaro, ka rufe. Kafin ka yi taku ashirin ta sake.

Don haka ba camfi ba ne. Kamfanin Husqvarna, masu ƙera irin wannan inji, sun rubuta a littafin injinsu cewa a jiƙa ta kamar kwana biyu, kamfanin Stihl kuma sukan ce awa 24 kafin aiki.

Sai dai tsomawar minti goma ɓata lokaci ne. A hankali ruwa ke ratsa nailan, daga fata zuwa ciki. Siririya mai milimita 1.6 ta ƙananan injunan batir, kwana ɗaya ya ishe ta. Mai 2.4 ko 2.7 ni nakan ba ta biyu, mai 3.3 kuwa uku. Ko a hakan tsakiyarta ba ta gama ƙoshi ba, amma ba komai, fatar waje ce ta fi miƙewa in an tanƙwara, daga nan kuma tsaga ke somawa. Ruwa mai ɗumi yana rage jira. Ba sabulu, ba mai, ruwa zalla. Kuma igiyar kaɗai ake jiƙawa, ko ita da kwarkwaron roba da ake naɗa ta a kai. Kar a jefa kan injin gaba ɗaya, akwai sifirin a ciki, tsatsa zai yi.

Rabin da ban faɗa ba kuwa shi ne rana. Bushewa da ƙunar rana ba ciwo ɗaya ba ne, ko da yake alamarsu ɗaya ce, karyewa. Busasshiyar igiya ƙishi kawai take ji, sarƙoƙinta lafiya lau suke. Wadda ta daɗe a hasken rana kuwa, sarƙoƙin ne da kansu suka tsittsinke, ruwa kuma ba ya ɗinke su. Za ta ɗan yi laushi a hannu ta ruɗe ka, ka naɗa, ta riƙa guntulewa. Da Kawu ya kawo tasa da yamma, tun daga nesa na ga launin ya koɗe ta gefen da ke fuskantar taga. Na shafa, wani farin gari ya biyo yatsana. Ban ce komai ba, na karɓa.

Gwajin ba wuya. A yanki kamar taƙi ɗaya, a ninke shi biyu a matse gwiwar da yatsu, ko a ƙulla shi a ja da ƙarfi. Lafiyayyiya tana tanƙwaruwa ta zauna. In ta ɓalle, a jiƙa a sake gwadawa bayan kwana biyu. In ta sake ɓallewa, an gama. Wani lokaci zagayen waje ne kaɗai suka ƙone, na ciki da suka samu inuwa suna nan da ƙwarinsu, sai a warware a zubar da na saman a gwada na ƙasa.

Akwai kuma laifukan da ake ɗora wa bushewa alhali ba nata ba ne. Igiya ta narke ta manne da 'yar uwarta a cikin kwarkwaro: wannan zafin gugar juna ne, daga sakwarkwacen naɗi ko wanda aka gicciya zagaye bisa zagaye. A naɗa da tsauri, layi kusa da layi, ta inda kibiyar jikin kwarkwaro ta nuna. Zoben ƙarfen bakin huda in ya cinye ya yi kaifi, ko sabuwa fil aka sa yanke ta zai yi, sai a sauya shi. Kaurin da ya wuce abin da littafin inji ya ce yana nauyaya wa inji, yana kuma maƙalewa a huda. Sannan hannun mai aiki. Bakin igiya ne ke yanka, wanda ke cusa kan inji dukansa cikin ciyawa ko ya manna shi da siminti, ko a kogi ya kwanar da igiyarsa ba za ta jima ba.

Ajiya ita ce ta fi komai sauƙi, ita ce kuma aka fi sakaci da ita. Inuwa, sanyi, abin rufewa. Leda mai zif ko bokiti mai murfi, a jefa ɗan jiƙaƙƙen soso ko a zuba ruwa cokali biyu, a rufe. Ba jikin taga ba, ba cikin mota ba, ba saman rumbun da ke ɗaukar zafi ba. Masu barinta a nutse kullum ba su yi laifi ba, illa dai ruwan yakan yi gansakuka da wari in ba a sauya shi. In za a naɗa, a tsane ta da tsumma, musamman ga injin lantarki ko na batir. Ragowar da ke kan inji ma bushewa take yi, in za a jingine shi na watanni gara a cire kwarkwaron a sa a ledar.

Sauran yinin, ba wani abu. Matatar iskar ƙaramin injin ta toshe, na wanke. Yaya har yanzu bai dawo da filaya ba. Wuƙar jikin garkuwar inji, mai daidaita tsawon igiya, ta dakushe, tana tauna igiya maimakon ta datse, gobe zan wasa ta.

Naɗin Kawu na can cikin wani bokiti daban. Ya ce Alhamis zai zo ya ɗauka, har yana cewa in ta yi kyau zai janye maganar tsiro. Na riga na yanko guntu biyu, ɗaya daga waje ɗaya daga can ciki, na ƙulle na cikin don in bambance su. Alhamis a gabansa zan ninke su.