Mazubin gero da na haɗa wa tsuntsayen gidanmu

Tun ina yaro nake ganin kakata tana watsa wa tsuntsaye tsaki a gindin darbejiyar tsakar gidanmu a Kano, tana cewa sadaka ce. Bayan rasuwarta na ci gaba da yin haka, sai dai kajin gida da ƙadangaru su ne suke cinye rabin abin da na zuba, kyanwar maƙwabta kuma tana laɓewa a bayan randa tana jiran kurciya. Wannan ne ya sa na yanke shawarar haɗa mazubi na katako da hannuna, duk da cewa ban taɓa yanka katako da zarto ba.

Na je 'Yan Katako da ke Na'ibawa na sayi guntayen farin katako mai kaurin inci 1, domin falanki guda ya yi wa aikin yawa. Farin katako yana da laushi, zarto yana shigarsa ba gardama, kuma shi ya dace da mai koyo, ko da yake bai kai maɗaci jure ruwa da gara ba. Na yanka gindin mazubin inci 12 a tsawo da inci 10 a faɗi, na kewaye shi da baki mai tsayin inci 2 don kada iskar hunturu ta kwashe hatsin, sannan na kafa ƙafafu 4 masu tsayin inci 8 da za su ɗauki rufi.

Wurin buga ƙusa ne na sha wuya. Duk lokacin da na buga ta kusa da bakin katakon sai ya tsage, har na yi asarar guntaye biyu. Na ɗauki aikin na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu, ya juya shi a hannunsa, ya ce: “Ɗana, tsinin ƙusar ne yake raba maka katakon.” Ya kifa ƙusar a kan dutse, ya ɗan daki tsininta da hama har ya dakushe, ya buga, ta shige lafiya. Ya bayyana mini cewa ƙusa mai tsini tana buɗa jijiyoyin katako ne kamar yadda gatari yake faskara itace, dakusasshiya kuwa murƙushe su take yi ta wuce. Shi ne kuma ya sa na huda ƙananan ramuka 6 a gindin mazubin saboda ruwan damina ya riƙa tsiyayewa, domin geron da ya jiƙe yakan yi funfuna, ya cutar da tsuntsayen. Ya hana ni shafa fenti a ciki, ya ce in goge shi da sanfefa kawai.

Na yi rufin da guntun kwano, na lanƙwashe gefensa don kada ya yanki hannu, na rataye mazubin da waya a reshen da ya yi nisa da katanga.

Kwana uku babu tsuntsun da ya sauka. A na huɗu kurciyoyi biyu suka fara zuwa da sassafe. Ƙaramar tsuntsuwar nan da ake kira baiwar Allah kuwa, wadda namijinta ja ne macen kuma ruwan ƙasa, har yau ta fi son tsintar abin da ya zubo ƙasa, kuma ƙwayar dawa ta yi wa bakinta girma, shi ya sa na koma gero da tsaki. Abin da ya fi tara su, a ganina, shi ne ƙaramin kaskon ruwan da na ajiye a kusurwar mazubin da zafin bazara ya tsananta a watan Afrilu. Ina sauya ruwan kowace safiya bayan sallar asuba, ranar Juma'a kuma in sauke mazubin in kankare kashin tsuntsayen, in shanya shi a rana kafin in mayar.