Yadda minbase ya kusa kunyata ni a Yawuri

Duk wanda zai haɗa ƙaramin Linux (manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows) don tsofaffin kwamfutoci, don Allah kafin ya fara yanke-yanke ya tambayi kansa abu ɗaya, idan anka kai na'urar nan inda za ta zauna, za ta iya hawa intanet da kanta ko a'a. In amsar a'a ce to ka yanke har da jijiya, komai kyawun da ta yi maka a shago.

Aikin na wani malami ne mai cibiyar koyar da yara a Yawuri, masu shirin JAMB, shina son su saba da rubuta jarabawa a kwamfuta. Ya sayo laftof 'yan Beljiyam, yawancinsu ram giga 2, wasu Core 2 Duo ne ma, ya kawo min su shago a Birnin Kebbi. Windows 10 a kan irin waɗannan sai dai ka kunna ka tafi sallah ka dawo. Na ce mishi Debian za mu sa, wani nau'in Linux, Debian 12 wanda ya fito a Yunin 2023, mu ɗora destof ɗin Xfce da Firefox da LibreOffice Writer shi ke nan. Ya ce "Injiniya, kai ka san aikinka, ni dai yara su samu na taɓawa."

Da na bi hanyar da kowa ke bi, na sa ƙaramin faifan girkawa na netinst a filas na cire alamar abubuwan da ban so, da wannan rubutun bai taso ba. Amma ina, sai na ce ni debootstrap, wato manhajar da ke jera ainihin fakitocin Debian cikin folda, zan yi amfani da shi in gina daga ƙasa, sau ɗaya, sannan in kwafa zuwa sauran, ga tsimin data ga sauri. Kuma ban tsaya nan ba na ƙara mishi --variant=minbase. Ga wanda bai lura ba, Debian ta kasa fakitocinta mataki-mataki, akwai required, akwai important, akwai standard, sai optional. Debootstrap in ka bar shi yadda yake zai ɗora maka na farko da na biyu. Minbase kuwa na farkon kawai zai ba ka da apt mai sauke fakitoci, ko kanel (zuciyar Linux) babu, ko GRUB mai tayar da shi babu, wannan duk na sani kuma na ƙara su da hannuna tare da systemd mai tayar da sauran ayyuka. Sauran kayan kuma duk da --no-install-recommends na jawo su, wato ban da ƙarin fakitocin da Debian ke ba da shawarar a haɗa (Recommends). Na kunna, destof ya fito fes, ram ɗin da yake ci ɗan kaɗan, har ina ɗaukar hoto ina turawa abokai.

Abin da ya rufe min ido shi ne chroot, wato shiga cikin sabon ginin ka yi aiki daga kan wata kwamfutar da ke kunne. Duk ginin nan a cikin chroot na yi shi a kan kwamfutata, shi kuwa chroot aron intanet ɗin kwamfutar da yake kanta yake yi, apt na ta sauke kaya lafiya lau, sai zuciyata ta ɗauka ai netwok na aiki. Ban taɓa kunna laftof ɗaya ita kaɗai na ce ta buɗe wani shafi ba. Na duba sauti, na duba kibod, har hasken allo na duba, wanga abu ɗaya ne ban duba ba.

Sai da munka isa Yawuri anka jera tebura anka ta da janareto, yara sun cika ɗaki suna leƙe, malam ya kunna hosfot ya ce a gwada shafin gwajin jarabawa. Babu alamar waifai ko'ina a allon. Na buɗe taminal, tagar da ake rubuta umurni, na rubuta ip a don in duba netwok, ta ce ba ta san wannan umurni ba. Na rubuta ping, babu. Na ce bari in gyara fayil da editan nano, babu nano, babu vi. Duk waɗannan, iproute2 da iputils-ping da nano da ifupdown da mai karɓo adireshin netwok ta DHCP, suna cikin matakin important ɗin nan da na tsallake da gangan, wato da ban rubuta kalmar minbase ba da duk suna nan. Nawa ma suke ci gaba ɗaya, 'yan megabait ne da ba su kai bidiyo ɗaya na WhatsApp mai ɗan tsawo ba, a kan faifai mai giga 160. Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

Na waifai kuma matsala biyu ce. Katin Intel da ke cikin yawancinsu sai da firmware-iwlwifi yake tashi, sannan sai da wpasupplicant zai iya shiga hosfot mai faswod. Wai ni da na san tun 2022 'yan Debian sunka jefa ƙuri'a aka yarda a riƙa sa famweya, wato 'yar manhajar da irin waɗannan katunan ke buƙata kafin su tashi, cikin faifan girkawa na Debian kanta, sai na saki jiki. Amma ai faifan girkawa ne ke wannan aikin, debootstrap ba ruwansa, sources.list ɗina, jerin wuraren da apt ke sauko da kaya, sashen main kaɗai ke ciki, babu non-free-firmware inda famweyar take. To ga ka nan, kana buƙatar intanet don ka sauko da abin da zai ba ka intanet.

Malam ya matso ya ce "Injiniya lafiya dai ko?" Na ce "Ranka ya daɗe ɗan saiti ne ya rage." Man janareto na ƙonewa, zufa na zuba, zafin Yawuri kuma ba sai an gaya maka ba.

Abin da ya fisshe ni kebul ɗin caji ne. Na jona wayata ta USB na kunna raba data, kanel ya gane ta kamar katin netwok na waya tunda direban na cikinsa. Sai na tuna systemd-networkd na cikin fakitin systemd ɗin da na riga na ɗora, kuma shi ma yana iya karɓo adireshi. Da cat da echo na rubuta ɗan fayil a /etc/systemd/network mai DHCP=yes, na tayar da shi, na duba da networkctl, na sa adireshin DNS a resolv.conf da hannu. Ya hau. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ya fi na ranar da anka biya ni.

Sai apt ya ƙi, wai fayil ɗin Release, mai bayanin rumbun fakitoci, lokacinsa bai yi ba tukuna. Batirin agogon cikin allon uwa (motherboard) ya mutu a da yawansu, abin da ya kamata duk mai taɓa 'yan Beljiyam ya yi tsammani, kwanan wata ya koma baya, ni kuma ban sa systemd-timesyncd mai daidaita agogo ba saboda shi ma fakiti ne daban. Na gyara da date -s. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya da waya a hannu, datar da na ce ina tsimi ta tafi ninki, dole na kwana garin, kuɗin masauki daga aljihuna don ba ni da bakin da zan ce malam ya ƙara.

Masu Arch ma, wani nau'in Linux, tun 2019 sunka rage base ɗinsu har babu kanel babu edita a ciki, amma su mutum na zaune gaban na'urarsa da jagora a buɗe yana ƙarawa. Ni kuwa na gina wa yaran da ba su taɓa ganin taminal ba, a garin da in abu ya lalace sai na shiga mota.

Yanzu ginin da nake kwafa ba minbase ba ne, debootstrap ne yadda yake, sai in ƙara network-manager da wpasupplicant, famweyar Intel da Realtek da Atheros duka ko da na'urar da ke gabana ba ta buƙata, timesyncd, ca-certificates, sudo, da openssh-server don in iya leƙawa daga nesa in an haɗa min hanya. Recommends ɗin ma na daina kashe shi gaba ɗaya, sai ga manyan kaya irin LibreOffice. Kuma ba na sakin na'ura sai na cire ta daga kebul ɗin shago, na kashe na kunna, ta shiga hosfot ɗin waya ta yi apt update da kanta. Akwai guda ɗaya cikin na malam mai wani katin waifai daban da ya ƙi tashi duk da haka, ita dai ɗan dongul na USB na saya mata a kasuwa, shi take amfani da shi har yau.