Wasiƙa daga Teksas: gasar fatsa ta yamma da kifin da ake mayarwa ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida, musamman masuntanmu na Argungu da Yawuri da bakin madatsar Tiga.

Ina rubuto muku ne daga jihar Teksas ta Amurka domin in ba ku labarin wata gasar kamun kifi da nake shiga da yamma, saboda akwai wani tsari a cikinta da nake ganin ya cancanci nazarinku. Tafkin da muke zuwa shi ne Konro, arewa da birnin Hustan, wanda aka samar a 1973 bayan an datse kogin San Jasinto. Kifin da ake nema sunansa bas, mai faɗin baki da koren baya da baƙin zane a gefensa. A ƙira yana kama da ƙaramin giwan ruwa, amma bai kama ƙafarsa a girma ba, domin wanda wani mai fatsa George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, wanda har yau ake kafa misali da shi, kilo 10 ne da 'yan kai, alhali giwan ruwan da ke cin gasa a Argungu yakan haura kilo 50.

Gasar ta masu aiki ce, shi ya sa ake yin ta a tsakiyar mako bayan an tashi daga aiki, daga misalin ƙarfe shida zuwa tara na dare. Za ka ga makanikai da malaman makaranta da tsofaffin da suka yi ritaya, mutum biyu a kowane jirgi. Kafin a tashi sai an duba akwatin ruwan da ake ajiye kifi da ransa a cikin kowane jirgi an tabbatar babu kifi a ciki, kuma ba a kunna babban inji sai kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa. Ba a yarda da taru ko koma ba, ba a kuma yarda a sa tana mai rai a ƙugiya ba. Sandar fatsa ce kawai da abin yaudara na roba, wani mai siffar tana, wani mai siffar kwaɗo.

A nan gwanintar take. Da rana ta yi sanyi sai bas ya baro zurfi ya laɓe ƙarƙashin gadojin katako na bakin gidaje ko cikin ciyawar ruwa yana dakon ƙananan kifaye. Mai fatsa yakan wurga tanar robar can cikin inuwa, ya bar ta ta nutse, sannan ya riƙa jan ta a hankali yana sauraron zaren da yatsansa. Abin da zai ji ɗan ƙwanƙwasawa ne kawai, kuma idan ya yi gaggawar fizga sai ya zare ƙugiyar daga bakin kifin, idan ya yi jinkiri kuma kifin ya tofar. Magariba kan riske mu a tsakiyar ruwa, sai in yi sallata a kan dandamalin jirgin, abokin tafiyata, wanda ba Musulmi ba ne, ya kashe inji har in sallame.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne awo. Ƙarƙashin fitilar bakin tafki kowane jirgi yakan kawo kifinsa cikin jaka mai ruwa, guda biyar a mafi yawan gasanni, ko uku a lokacin zafi. Wanda bai kai tsawon da doka ta yanka ba, ba ya shiga lissafi. Inci 14 ne a yawancin ruwayen jihar, a Konro kuwa inci 16. Duk kifin da ya mutu ana rage wa mai shi nauyi, saboda haka za ka ga mutum yana zuba ƙanƙara a akwatin ruwa yana duba famfon iska fiye da yadda yake duba agogo. Da an ɗora su a sikeli an rubuta, sai a mayar da su tafkin da ransu.

Su ma ba haka suka fara ba. Lokacin da wani Ba'amurke mai suna Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Biba na jihar Akansas a 1967, sannan ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas mai suna B.A.S.S. a 1968, matattun kifaye ake kawowa awo. Sai a 1972 ya shigo da tsarin sakin kifi da rai, al'adar ta bazu har ƙananan gasanni irin tamu. Bayan haka, kowane baligi sai ya sayi lasisin kamun kifi, kuma tun 1950 akwai dokar tarayya da ke karɓar haraji a kan kayan fatsa tana raba wa jihohi domin kula da ruwaye da ƙyanƙyasar kifi.

Ban ce mu riƙa sakin abin da muka kama ba, domin su nishaɗi suke nema, mu kuwa kamun kifi sana'a ce da ake ci da iyali. Amma tushen hikimar ba baƙo ba ne a wurinmu. A Argungu, inda bikin ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta amince da shi a 2016, hana kamun kifi da ake yi a kogin Matan Fada ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa shi ne ke ba giwan ruwa damar girma. Abin da ke damuna shi ne sauran ruwayenmu, inda dala, wato babban tarun da ake ja zuwa gaɓa, da taru mai ƙananan idanu ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ƙwai ba, wasu ma har guba suke zubawa.

Ina roƙon sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta na Kainji da Tiga su zauna su yanka tsawon da ba za a kama giwan ruwa da karfasa ƙasa da shi ba, su kuma ware watannin ƙwai da za a ɗaga wa ruwa ƙafa. Zan kuma so dattawan sana'ar su sanar da ni yadda girman kifin da suke kamawa yanzu yake idan aka gwada da na zamanin iyayensu.

Wassalam, ɗan uwanku a Teksas.