Tsohon keken tsere na karfe, sai wanda ya hau zai gane

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 keke ya dawo titunan Kano sosai, ma'aikata da dalibai da 'yan kasuwa kowa ya nemo nasa, amma na lura kusan kowa idonsa na kan masu kaurin tayar nan da sifirin gaba da baya. Su kuwa tsofaffin kekunan tsere, siraran nan masu lankwasasshen kai da ke zuwa cikin kayan Baljiyam, sai ka ga an jingine su can karshen layi kura ta rufe su, wasu ma a hannun 'yan jari bola suke karewa a dora su a sikeli a sayar da kilo. Abin nan yana min ciwo wallahi, don mutane ba su san me suke zubarwa ba.

Nawa Peugeot ne, eh Fijo dai da kuka sani mai 504, tun 1882 suke kera keke kafin ma su shiga harkar mota. In na fito bayan asuba na dauki titin BUK daga Kabuga kafin 'yan adaidaita su cika hanya, abin da na fi so shi ne yadda keken yake shanye kaushin kwalta. Ba wai ba ka jin titin ba ne, kana jinsa sarai, amma wannan karkarwar da ke shiga tafin hannu ta hau har kafada ta kashe maka yatsu, ita ce ba ta iso ka da karfi. Na hau na alminiyam na abokina mai kaurin bodi, yana da gudu ba karya, sai dai duk tsakuwar da ka taka sai ta gaya maka sunanta. Na karfen kuwa in ka mike tsaye kan feda za ka ji kamar ya dan ba da kai sannan ya maido maka da karfin, kamar gora in ka tankwara ta ka saki.

Kuma ba tsafi ba ne, aikin masu kera bututun da ake hada bodin keken da shi ne. Mu da muka tashi da Rale da Fonis in an ce keken karfe nauyi muke tunawa, amma wadancan an yi su ne don daukar buhu da tafiyar kauye, keken tsere mai kyau bai wuce kilo goma ko kusa da haka ba. Bututunsa a bakin gaba inda ake hadi yana da dan kauri, a tsakiya kuma an sirantar da shi bai kai milimita daya ba, in ka kyasta shi da farce za ka ji yana yin wata kara siririya. Kamfanin Reynolds na Birmingham a Ingila su suka fito da wannan dabara tun 1897, sannan a 1935 suka kawo karfen da ake kira 531, shi ne za ka ga 'yar takardarsa manne a jikin bodi kasa da sirdi. 'Yan Italiya nasu Columbus ne mai hoton kurciya, Japan kuma suna da Tange da Ishiwata. Sai kuma kafafun gaba da suke rike taya, ka duba yadda suka sirance suka lankwasa a kasa, wannan lankwasar tana daukar wani abu daga bugun hanya kafin ya kai hannunka.

A kan irin wadannan kekunan aka kafa tarihi fa. Eddy Merckx dan kasar Beljiyam ya ci babbar gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, sau biyar duk a kan karfe, a 1972 kuma a birnin Meziko ya yi kilomita 49.431 cikin awa daya. Raleigh din nan, wato Rale da iyayenmu suka sani, wadda har masana'anta ta yi a nan Bompai, kungiyarta ce ta ci Tour de France a 1980 da Joop Zoetemelk dan Holan. Har yanzu a Italiya ana wani taron hawan keke mai suna L'Eroica da aka fara a 1997, na tsofaffin kekuna zalla, mutane daga kasashe suke zuwa da irin wadanda mu muke aunawa a sikeli.

Giyar ma daban take. 'Yan sanduna biyu ne a jikin bodi, ka sauke hannu ka ja a hankali, babu wani kas kas da zai ce maka ta shiga, kunnenka ne zai ji sarka ta zauna ta yi shiru. Da farko da dan wuya, in hannu ya saba kuma shikenan, ga shi ba ta cika lalacewa ba don babu abin lalacewar a ciki.

Abin da ya fi kama hankalina dai shi ne keken nan ya dace da garinmu ta wajen gyara. Na kabon, wato wani abu mara nauyi da ake kera kekunan tseren zamani da shi, in ya tsage sai dai hakuri, na alminiyam ma sai ka sha yawo kafin ka samu wanda zai like shi ya rike, amma karfe in ya dan karkace ana mikar da shi. Wani dattijo da nake kai wa gyara na taba ce masa Baba in wannan ya tsage fa, sai ya ce yaro kar ka kuskura ka kai wa mai waldar lantarki zai huda maka shi ne, mai waldar gas za ka nema ya yi da tagulla, don da haka aka hada shi tun asali. Boris da giris kuwa duk mai gyaran keke a bakin titi ya iya.

Yana da nasa matsalolin, ba zan boye ba. Damina tsatsa take kawowa in kana barinsa a tsakar gida, birkin da ba ya kamawa sosai in gargare ya jike, siririyar taya kuma ba ta son rami, shi ya sa na sa mafi kaurin da bodin zai dauka, mai milimita 28, kuma dadin tafiyar ya karu sosai. Ka kula wajen sayen taya, mai lamba 27 da mai 700C ba daya ba ne ko da sun yi kama a ido. Tsofaffin na Faransa kuma zaren notinansu daban yake da na Ingila, don haka kar a jefar da wani tsohon noti sai an tabbatar sabon ya hau.

In ka ci karo da daya a Sabon Gari ko wajen masu gwanjo, ka shafa bututun nan biyu daidai bayan wuyan keken, in ka ji kumburi ko ka ga fenti ya tattare to an taba buga shi ta gaba, ka bar shi. Ka sa a kwance sandar sirdi a gabanka ka ga tana motsi, don in tsatsa ta cinye ta a ciki aiki ne babba. Sannan ka tsaya da keken a tsakanin kafafunka, in sandar sama ta bar maka ko da yatsa biyu to girmanka ne, ka roki mai shi ya bar ka ka dan zaga layin kafin ku fara ciniki.