Ɗan maƙeri a ɗakin sanyi

Watana bakwai a Leiden, ƙasar Holan, amma har yau in na tuna ranar Talatar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aikina auna yadda zafi ke ratsa ƙarfe in an sanyaya shi matuƙa. Guntun jan ƙarfe ne, bai kai ɗan yatsa ba, mukan zura shi cikin tukunyar ruwan hiliyam, digiri 269 ƙasa da sifiri. A ɗan ɗumama ɗaya bakin ƙarfen, a duba bambancin zafin bakin biyu. A garin nan ne ma masanin kimiyya Kamerlingh Onnes ya fara mai da iskar hiliyam ruwa a 1908, har aka ba shi kyautar Nobel a 1913. Ranar da na fara jin haka, sai da na ɗaga kafaɗa kamar kakana ne.

To, ni na ɗaure ma'aunin zafin a jikin ƙarfen, na cusa 'yar roba tsakanin ɗaurin da ƙarfen don ya kama sosai. Ashe a irin wannan sanyi roba ta fi jan ƙarfe tsukewa nesa ba kusa ba. Ɗaurin ya saki. Aikin kwana uku ya tashi a banza, ga hiliyam mai tsadar tsiya ya ƙare.

Shugabarmu ta dubi lambobin, a gaban kowa ta ce, "Kuskurenka ne." Ta ci gaba da cin burodinta da cuku. Ko gefe ba ta ja ni ba! Washegari kuma ta gaishe ni da fara'a, wai ita an wuce wurin. Ni kuwa ban runtsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ɗan maƙeri ne. Shekara nawa ina zuga wa Baba wuta, ina kallo yana gasa zoben ƙarfe ya buɗe, ya zura shi a ƙota, ya watsa ruwa ya damƙe?

Na kira shi bayan magariba, wadda a nan ake yi tun ƙarfe huɗu da rabi a Disamba. Ya yi dariya har da tari.

"Kai yaro, har Turai ka je koyon abin da ka baro a ƙofar gida?"

Daga nan ya koma kan tsadar gawayi, da gwiwarsa da ke damunsa, ba ya iya daɗewa a zaune gaban uwar maƙera. Inna ta karɓe wayar, ita tambayarta ɗaya: kukar da ta ɗaure mini ta ƙare?