Walda a Azare

Da asuba muka bar Kano a Hilux ɗin yayana, da injin niƙa da janareta a ɗaure a baya, za mu kai su Potiskum. Mun haye gadar Wudil lafiya, muka karya kumallo a Shuwarin. Daga nan wata ƙara ta fara tashi duk sanda taya ta faɗa rami. Direba ya ce igiya ce ta saki. Da muka tsaya muka ɗaga shimfiɗar roba, sai ga tsaga a ƙasan bodin, daidai inda ƙafar injin ta zauna, ta nufi notin da ke riƙe bodi da shasi.

Haka muka lallaɓa har Azare. Aka nuna mana wani dattijo mai walda a bakin titi. Na ce, "Baba, ɗan ɗiga mata wuta mu wuce." Bai ko ɗago ba ya ce, "Malam, masu sauri suna can gaba. A sauke kayan."

Ya sa yaronsa ya cire kan batir, aka jiƙa buhu aka rufe tankin mai, tunda a ƙarƙashin bodin yake. Ya kankare fenti da tsatsa har ƙarfen ya yi fari. Sannan ya yi abin da ya ɗaure min kai: ya huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar. Mun kawo a liƙe, ana ƙara hudawa! Ya ce tsaga da tsininta take ci gaba, ramin ne ke kashe tsinin, in ba haka ba ta ɓullo ta gefen waldar kafin mu kai Potiskum.

Waldar ma ba a jere ya yi ta ba. Ya ɗiga nan, ya tsallaka can, ya jira ya huce, don ƙarfen bodi siriri ne, zafi na yawa sai ya ɓule ko ya lanƙwashe. Ya kwanta a ƙasa ya ƙara faranti ta ciki, ya shafa jan fenti. Mu kuwa muna gindin darbejiya muna cin masa da miyar taushe. A wannan fannin dai ba a ja da mutanen Bauchi.

Da za a mayar da injin, ya hana a ɗora shi kan ƙarfe tsirara, sai da aka shimfiɗa katako biyu masu kauri nauyin ya rarrabu. Bayan azahar muka kama hanya, muka shiga Potiskum da la'asar, muna kutsawa tsakanin tireloli.