Abin da na koya a sashen masu ciwon suga

Mu ma'aikatan jinya akwai wata magana da muke yawan yi, "ai wannan akwai haƙuri, ko uffan ba ya cewa", sai mu wuce gado na gaba hankali kwance. Toh aiki a sashen masu ciwon suga da hawan jini ya nuna min sau da yawa mai shirun nan shi ya fi buƙatar a ja kujera a zauna kusa da shi.

Akwai wata dattijuwa da sugarta ya ƙi sauka, an canza magani an ƙara, ana ta mata faɗan tuwo da lemon kwalba. Rannan ina ɗaura mata abin awon jini na ce Hajiya ya barci? Ta ce alhamdulillahi 'yata, ta ɗan yi jim, sannan ta ce tun rasuwar Alhaji idonta biyu ake kiran assalatu, kuma ita fa ba ta ga amfanin haɗiyar ƙwayoyin nan ba. Ta kwance bakin zani ta fito da leda, maganin wancan watan ne cif ko ɓallewa ba a yi ba. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Da na koma karatu sai na tarar an daɗe da gano wannan. Tun 2000 wata mai bincike, DiMatteo, da abokan aikinta suka tattara bincike da yawa suka nuna mai ciwon damuwa ya ninka waninsa kusan sau 3 wajen ƙin bin umarnin likita. A 2010 kuma Jennifer Temel a Boston ta Amurka ta bi mutum 151 masu kansar huhu da ta riga ta bazu, waɗanda aka haɗa musu tun da wuri da masu kula da raɗaɗi da halin da zuciyarsu ke ciki kashi 16 cikin 100 ne suka nuna alamun damuwa, sauran kuwa kashi 38, har ma sun ɗan fi daɗewa a raye, wata 11.6 a kan 8.9. Ni abin da na ɗauka a nan, juriyar da muke yabo tana ƙaruwa ko ta ragu gwargwadon yadda aka riƙe mutum.

Za a ce ina muka ga likitocin ƙwaƙwalwa, gaskiya ne ba su da yawa. Amma a Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, tsofaffin mata ya horar suna zama da mutane a benci a harabar asibiti, zama 6 kawai, kuma sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna bayan wata 6 kusan kashi 14 ne ke da alamun damuwa a cikin waɗanda aka zauna da su, waɗanda aka bari da kulawar da aka saba kusan rabi.

Yanzu duk wanda awonsa ya ƙi daidaita ina masa tambayoyi biyu na PHQ-2, wato ɗan gwajin gano ciwon damuwa, da Hausa, a sati biyun nan ko ya daina jin daɗin abin da ya saba, ko yana jin ƙunci da yanke ƙauna. Layi na da tsawo, wani lokacin har mai jinya ke amsawa a madadinsa, sai in ce ɗan'uwa ɗan ba mu wuri. In amsar ta nuna akwai matsala ina rubutawa a kati in raka shi wajen likita da kaina.